Namiji ya tambayi lamba, mace ta faɗi tsoro: kowannensu na buƙatar duka biyun

Lloyd Austin yana sakataren tsaron Amurka lokacin da aka yi masa tiyatar kansar furostet a watan Disambar 2023. Furostet wata 'yar tsoka ce da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Bai sanar da Shugaba Joe Biden ba. Ko da jiki ya rikice aka mayar da shi asibiti ranar 1 ga Janairun 2024, sai da aka shafe kwanaki kafin fadar shugaban ƙasa ta ji. A watan Fabrairu ya fito ya nemi afuwa, ya ce labarin cutar ya girgiza shi, kuma abin da ya fara zo masa a rai shi ne ya ɓoye. Janar ne mai ritaya, wanda ya jagoranci dakaru a Iraƙi, amma wannan magana ta yi masa nauyi a baki.

Masu bincike sun daɗe da lura da yadda maza da mata suka bambanta wajen zancen kansa. A 2006, Clive Seale da Sue Ziebland da Jonathan Charteris-Black a Birtaniya suka kwatanta kalmomin da mata masu kansar mama ke yawan amfani da su da na maza masu kansar furostet, a cikin hirarraki da saƙonnin da masu cutar ke aika wa juna. Zancen maza ya fi karkata ga magani da gwaje-gwaje da likitoci. Na mata ya fi taɓo halin da zuciya ke ciki, da iyali da ƙawaye.

Da wannan ne mutane da yawa suka yanke hukunci: a ba namiji bayani, a rarrashi mace. Ni dai ban yarda ba, kuma ina ganin wannan hukunci yana cutar da su duka.

Shekara guda bayan binciken na Birtaniya, Gooden da Winefield a Ostireliya suka duba irin waɗannan saƙonni, suka ga kusan kashi 60 cikin 100 na abin da mata ke rubutawa bayani ne kan cutar da maganinta, na maza kuma ya ɗara haka da kaɗan. Sauran, a ɓangarorin biyu, ƙarfafa gwiwa ne. Bambancin yana cikin salon magana.

Mu ɗauki magidancin da aka ce masa gwajin jininsa na PSA, wanda ake yi don duba lafiyar furostet, ya hau. Zai tambayi nawa lambar take, zai tambaya tsakanin tiyata da gashi (ƙona ƙwayoyin cutar da hasken na'ura) wanne ya fi, zai so ya san likita nawa ne suka ƙware. Mai sauraro sai ya ɗauka zuciyarsa a dake take. To amma abin da ke iya biyo bayan maganin wannan cuta sananne ne: yoyon fitsari da raunin mazakuta. Mutumin da ke tambayar wace tiyata ce ba ta taɓa jijiyoyi, aurensa yake tambaya a kai, da mutuncinsa, da yadda zai tsaya a sahun salla ba tare da fargabar tsarkinsa ba. Ta ƙofar da aka koya masa tun yana yaro ya shigo, ƙofar da ba a kuka. Idan aka amsa masa da lamba kawai aka sallame shi, an bar shi da kayansa a ka.

Mace kuwa asararta ta wani gefen take zuwa. Saboda ta iya cewa "ina jin tsoro", sai kowa ya zo da haƙuri da addu'a, waɗanda lallai tana buƙata, amma ba wanda ya zauna ya gaya mata matakin da cutar ta kai, ko irin ƙwayar da aka gani a gwaji, ko zagaye nawa na kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, ke gabanta da abin da zai ci na kuɗi. Sau da yawa miji ko wa ake kira gefe a yi wa wannan bayani, alhali jikinta ne za a yanka. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Alƙaluman hukumar binciken kansa ta duniya na 2022 sun nuna kansar mama ce kan gaba a Najeriya, da sababbin masu ita kimanin 32,000 a shekara, furostet kuma ita ce ta farko a tsakanin maza, da kimanin 18,000. Da yawa ba sa isa asibiti sai abu ya yi nisa. Dattijon da ke tashi fitsari sau biyar cikin dare, in ka gaishe shi da jiki, "da sauƙi, alhamdulillahi" zai ce. Matarsa ce ta san gaskiya, kuma ita ce za ta tare ɗansu ta ce a kai Baba asibiti. Matar da ta ji ƙullutu a mama ita ma tana iya yin watanni tana shiru, don tsoron a cire, da tsoron abin da zai biyo baya a gidan aure.

Don haka masu haɗa majinyata wuri ɗaya, a asibiti ko a waya, su daina tsara taron maza kamar aji, na mata kamar zaman makoki. A bar maza su fara da tambayar magani, amma a sa wanda ya riga ya sha tiyatar ya zauna cikinsu, ya fara ambaton yoyon fitsari da bakinsa, domin jin haka daga sa'a ya fi sauƙi a kan jin sa daga ma'aikaciyar jinya sa'ar 'yarsa. A taron mata a kawo likita, a ba shi lokaci ya amsa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, a miƙa wa kowace takardar sakamakonta a hannunta, a karanta mata da Hausa. Matan masu kansar furostet su ma a nema musu nasu zaman, tunda su ke wankin zanen gado da rakiya asibiti, kuma da wuya a ji wanda ya tambaye su yaya suke.