Kada dare 2 ya wuce wasiyyarka ba a rubuce ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Da yawanmu mun ɗauka wasiyya aikin tsoho ce, ko na wanda ciwo ya kwantar. Wani ma in ka ce ya rubuta, sai ya ce fatan mutuwa kake masa. Alhali Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya ce bai kamaci Musulmin da ke da abin yin wasiyya ba ya yi dare 2 face wasiyyarsa na rubuce a wurinsa. Ba a ambaci furfura ba, ba a ambaci jinya ba.

Lokacinta shi ne ranar da haƙƙin wani ya hau kanka. Bashin da ka ci ba shaida, ajiyar da aka ba ka a asirce, ragowar sadakin matarka, kuɗin abokin kasuwanci da ke kwance a asusunka da sunanka. A irin wannan malamai suka ce rubutawa wajibi ce. In ka faɗi yau, magada duk abin da suka gani da sunanka za su raba, su ci haram ba su sani ba. Mai haƙƙi ya zo da baki kawai, a ce masa ina shaida? Kai kuwa kana kabari, ranka na rataye da bashin har sai an biya.

Rubuta sunan mai bin ka, nawa ne, yaushe ka karɓa, nawa ka rage. Waɗanda kake bi su ma haka. Sa kwanan wata, sa hannu, ka kafa shaidu 2 adalai kamar yadda aya ta 106 ta Suratul Ma'ida ta nuna. Ka kuma gaya wa amintacce inda takardar take, don wasiyyar da ke kulle a wayar da ba wanda ya san lambar buɗe ta, da ita da babu duk ɗaya.

Sai wasiyyar alheri, inda aka fi yin kuskure. Iyakarta sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku na dukiyarka, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya faɗa wa sahabinsa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da ya kwanta ciwo a Makka, kuma ya ce sulusin ma da yawa. Ana lissafa shi ne bayan an cire kuɗin jana'iza da bashi. Wanda ya bar miliyan 9 bayan jana'iza, ana bin sa miliyan 3, sulusinsa miliyan 2 ne, ba 3 ba. Kuma babu wasiyya ga magaji. In ka rubuta wa ɗanka gida, ba zai zartu ba sai sauran magada sun yarda. Ka ba wanda gado ba zai kai gare shi ba, musamman jikokin da mahaifinsu ya riga ka rasuwa, baffanninsu suka shamakance su. Wallahi waɗannan marayun ana yawan mantawa da su.

Kada ka jira ciwon ajali. Kyautar da aka yi a cikinsa ma daga sulusi ake fitar da ita, ga shi magada na iya cewa ba ka cikin hayyacinka.

Muddin kana raye kana iya canja ta. Ka yi aure, an yi maka haihuwa, ka biya bashi ko ka ci sabo, za ka yi doguwar tafiya ko za a yi maka tiyata, ɗauko ta ka gyara. Ka yage tsohuwar, kada a tarar da takardu biyu suna karo da juna.