Ranar da na kwanta wa allurar 'yan Chaina

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kantin Kwari da Guangzhou, ka tambaye shi lafiyar bayansa. Daga Kano ka tashi zuwa Addis Ababa, daga can kuma awa 10 da ɗoriya kana naɗe a kujera, ka sauka ka shiga yawon kasuwa da jakar samfur a kafaɗa. Ni nawa bayan ya yi yajin aiki ne wata asuba a masaukina da ke unguwar Xiaobei a Guangzhou. Na yi ruku'u lafiya lau, ɗagowa ta gagara.

Ɗan yayata da ke karatu a garin, wanda shi ne tafintana in na je, ya zo ya same ni ina tafiya a karkace. Ya ce, "Kawu, tashi mu je a yi maka akufanca, maganin gargajiyarsu na tsira allurai a jiki." Na ce masa a kai kasuwa. Ni zan iya tsayawa gaban jami'in kwastan ina murmushi, amma da nas ta zaro sirinji cikina ke ɗurar ruwa. Ya ce abin ya haura shekara 2,000 ana yinsa, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2010. Na ce UNESCO ba ita za a soka ba. Sai da na kasa sa takalmi da kaina sannan na ce ya kira mota.

A hanya, don in kwantar da hankalina, na ɓare jan goro na cinye tas.

Likitan dattijo ne, mai sanyin magana. Bai ko kalli bayan da ya kawo ni ba. Ya ɗora hannuna a kan wani ɗan matashi, ya sa yatsu uku a wuyan hannun yana sauraren bugun jini, ya gama da dama ya koma hagu. Sannan ya ce in fito da harshe. Na fito da shi. Bawan Allah ya gyara tabarau, ya matso, ya ja baya, ya leƙa waje ya kira wata abokiyar aikinsa. Su biyu suka tsaya a kaina suna magana ƙasa-ƙasa, ni kuwa harshe a waje, zuciya na dukan uku-uku, har na fara tunanin wa zan bar wa shago. Ashe a wurinsu launin harshe da abin da ya kwanta a kansa babbar alama ce ta abin da ke damun mutum, kuma ba su taɓa cin karo da irin wannan ja ba. Sai da yaron ya zaro wani goron daga aljihuna ya nuna musu. Likitan ya juya shi, ya sansana, ya ce gobe in zan zo kada in ci abin da ke rina baki.

Daga nan aka shiga tambayoyi, kuma nan ne na gwammace allurar. Yaya barcinka? Kana yawan gumi da dare? Sau nawa kake fitsari? Yaya bayan gida, da tauri ko da ruwa? Duk wannan ta bakin yaron da aka yi sunansa a gabana. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, wai... yaya fita?" Na ce, "Ka ce masa alhamdulillahi." Ya ce, "Kawu, ya ce a yi bayani." Mun yi bayanin, kowa na kallon bango. An kuma tambaye ni ko ina shan maganin tsinka jini, ko an sa min na'urar bugun zuciya, ko na karya kumallo, domin wanda ya zo da yunwa jiri na iya ɗibarsa. Mace kuwa sai an tambaye ta ko tana da juna biyu.

Aka ce in kwanta rub da ciki, fuskata a cikin wani rami da aka yi wa gadon. Ya nuna min alluran kafin ya fara: kowace a leda a rufe, sabuwa, ana amfani da ita sau ɗaya a jefar. Sirara ne ƙwarai, kaurin ɗaya wajen rubu'in milimita, ba rami a cikinta, ba kuma wani ruwan magani da ake ɗurawa. Ya goge wurin da auduga mai sanyi. Na runtse ido, na damƙe ƙarfen gado, na kama salati. Ina cikin jiran azaba na ce wa yaron, "Ka ce masa ya yi ya gama." Ya ce, "Kawu, ai guda shida na jikinka."

Ba zan ce ba a jin komai ba. Idan ya murza allurar da yatsa, sai ka ji wani nauyi mai tsami ya bazu a wurin, wani lokaci ya zarce ƙasa. Su abin da suke nema ke nan. Abin da ya ɗaure min kai, ciwo na baya amma ga allura a bayan gwiwa, ga wata kusa da idon sawu. Na ce a gaya masa ya wuce wurin. Ya yi dariya, ya ce a lissafinsu akwai hanyoyi da ƙarfin jiki ke bi, da gurabe sama da 360 a kansu, kuma na bayan gwiwa tsohon gurbin ciwon baya ne. Likitocin zamani sun fi danganta abin da jijiyoyi da sinadaran rage zafi da jiki ke saki da kansa. Ni dai a lokacin ba ni da bakin musu.

Ya kunna wata fitila mai ɗumi a saitin ƙuguna, ya ce minti 30, kada in motsa, ya fita. To, nan aikin yake. Minti biyu ba a yi ba hancina ya fara ƙaiƙayi. Sai wayata ta ɗauki ruri a aljihun rigar da aka rataye, kuma na san mai kiran: mutumin da muke ta ja-in-ja da shi kan kuɗin kwantena. Ta katse, ta sake. Na ce yaron ya ɗauka, ashe ya fita sayen ruwa. Ga ni kwance kamar bushiya, ina jin ciniki na wucewa ta gefen kunnena, ba halin ko ɗaga kai. Sai atishawa ta taso. Na haɗiye ta da ƙyar, hawaye na ɗiga ta ramin gadon. Yadda aka yi barci ya sace ni a cikin wannan hali, har yau ban sani ba. Yaron ya rantse har minshari na yi.

Cire alluran bai ɗauki komai ba, wuri ɗaya ne ya yi ɗan ɗigon jini. Kafin in tashi likitan ya kawo wasu kofunan gilashi, ya zura wuta a ciki ya kifa min a baya, suka tsotse fata. Na sauko jiki sakayau, kai na ɗan yawo, na sunkuya na sa takalmina da kaina. Ciwon bai tafi duka ba, ya dai sassauta. Likitan ya ce zuwa ɗaya ba ya isa, ana jera zuwa ne na wasu makonni, kuma idan ƙafa ta fara mutuwa ko ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, in je asibiti a ɗauki hoton bayan.

Da na dawo Kano ina ba Hajiya labari, da ƙarin gishiri kan jarumtar da na nuna, na cire riga zan shiga wanka. Ta ga tambarin kofunan nan jere a bayana, jajaye sun fara baƙi. Ta tafa hannu ta ce, "Alhaji, yanzu har Chaina ka je aka yi maka ƙaho? Nawa ka biya?" Na faɗa mata rabin kuɗin. Ta ce ko a hakan, wanzamin unguwarmu zai yi min sau goma ya haɗa da aski.