Kuɗin otal muka biya, aka yasar da mu a tsakiyar daji

Wallahi har yanzu raina bai daina tafasa ba. Gidan hutu muka kama a kan dutse, irin wanda daji ya kewaye shi ta ko'ina, ni da iyali, don yara su ɗan sha iska mu ma kunnenmu ya huta. A manhajar da ake kama irin waɗannan gidaje an rubuta akwai ruwan zafi, akwai intanet, akwai abin ɗumama ɗaki. Kuɗin kwana mun biya, kuɗin share-share mun biya, kason masu manhaja ma mun biya, duk tun kafin mu sa ƙafa.

Mun isa duhu ya riga ya yi, babu kowa a wurin, makulli yana cikin wani ɗan akwatin ƙarfe a jikin ƙofa sai ka danna lambobi ya buɗe, lambobin da aka ba mu kuma suka ƙi. Sabis ko ɗigo babu, dutse ya tare. Dole na bar matata da yara a cikin mota na gangara da ƙafa ina haska hanya da fitilar waya har na samu inda layi ya kama, na kira mai gidan.

Na ce, "Malam barka da dare, baƙinka ne, muna ƙofar gida amma akwatin makulli ya ƙi buɗewa." Gaisuwar ma bai amsa ba. Ya ce, "Ba ka duba saƙo ne? Na canza lambar, na turo sabuwa ɗazu." Na ce bawan Allah a ina zan ga saƙo a wurin da kai kanka ka san babu sabis? Sai na ji ya ja tsaki, a kunnena, ni da na biya shi kuɗina. Ya karanto lambobin da sauri kamar ana korarsa, na ce don Allah ya maimaita, ya ce "ka buɗe kunnenka mana." Na haɗiye, saboda yarana suna cikin mota a daji. Har zan kashe sai ya ce, "Af, kuma babu wuta tun jiya, bishiya ta faɗo kan waya." Tun jiya! Ya sani tun jiya, ya bar mu muka kwaso ƙananan yara muka hau dutse. Na ce to ruwa fa? Don gidajen nan ba su da ruwan famfo na gari, rijiyar burtsatse ce, injin lantarki ke jawo ruwan, wuta ta ɗauke ruwa ya tafi, ko banɗaki ba ka iya kora ba. Ya ce, "Ai daji ka ce kana so, ga daji nan." Na ce yara suna rawar sanyi. Shi da ke haya a kan dutse ya fi ni sanin duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Amsar da ya ba ni ita ce, akwai hita ta gas a sito, mu rufe tagogi mu kunna. Jama'a, mu rufe tagogi mu kwana da gas yana ci! Iskar gubar da ke fita daga irin wannan ba ta da wari ba ta da launi, cikin barci take kashe mutum, kuma na duba ɗaki-ɗaki daga baya babu na'urar da ke yin ƙara idan ta taru. Da na gaya masa wannan wasa da rai ne sai ya yi dariya ya ce mutanen birni mun cika raki, ya ƙara da cewa kar mu manta da takardar da ke jikin firij, ya kashe wayarsa.

Takardar kuwa aikin da za mu yi masa ne kafin mu fita: mu cire zannuwan gado, mu wanke kwanuka, mu kwashe shara mu tafi da ita, in ba haka ba tara. Da wane ruwan za mu wanke kwanukan? Kuma kuɗin share-sharen da na biya na mene ne?

Shekaru muna shan wannan. A soke maka kamu kana kan hanya, ka tarar da hoton gida na zamanin da yake sabo ne, ka kai ƙara inji ya riƙa ba ka amsa iri ɗaya. Mu ma baƙi akwai laifinmu a matsayin jama'a, kowa ya sha wuya sai ya fito ya manna tauraro biyar saboda kunya, ko don shi ma mai gida yana ba shi maki, na bayansa ya karanta ya faɗa ramin.

Amma babban laifin na hukuma ne. Mai otal sai ya yi rajista, a duba masa abin kashe gobara da ƙofar fita, ga ma'aikaci a teburin karɓar baƙi dare da rana. Mai irin wannan gida kuwa ya ɗauki hoto ya ɗora a manhaja, shi ke nan ya zama mai masauki. Kuma ba wai ba a iya taka musu birki ba ne. Birnin New York tun Satumban 2023 ya tilasta musu rajista, kuma in hayar ba ta kai kwana 30 ba dole mai gida ya kasance a ciki. Barcelona ta ce zuwa 2028 za ta soke lasisin irin wannan haya. Amurka ta sa doka a Mayun 2025 cewa a nuna wa mutum jimillar kuɗi tun farko. Sai dai yawanci a birane ake wannan faɗan, saboda tsadar haya ta dami masu zaɓe. Gidan da ke can cikin daji, inda asibiti yake da nisa, waya ba ta tafiya, motar kwana-kwana ba ta iya hawa da wuri, shi ya fi buƙatar a je a duba shi, kuma shi ne babu jami'in da ke leƙawa. Haraji dai suna karɓa. Sai ranar da aka fito da gawar wasu iyali za ku ji an kafa kwamitin bincike.