Kaguwar Alaska da yunwa ta kashe a cikin ruwa

Duk lokacin da aka kawo zancen ɗumamar duniya a majalisa, sai ka ji wani ya ce, "Don Allah, digiri ɗaya ko biyu mene ne a ciki? Mu da ke shan arba'in a Afrilu!" Maganar nan tana ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa zan ba ku labarin wata kaguwar Tekun Bering da ake kira "snow crab".

Gabashin tekun nan, gefen jihar Alaska ta Amurka, ba shi da zurfi sosai. Duk hunturu ƙanƙara na rufe samansa, kuma idan ta narke sai ta bar wani ruwa mai tsananin sanyi kwance a ƙasa, wanda bai kai digiri 2 ba. A nan 'ya'yan kaguwa ke girma, domin manyan kifayen da ke cin su ba sa son shiga wannan sanyi. To, a 2018 da 2019 ƙanƙarar ta yi ƙaranci, ruwan ya ɗumama, mafakar ta tsuke. Zuwa 2021 kaguwa kusan biliyan 10 ta ɓace. Biliyan fa, ba miliyan ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ta mutu. Masanan NOAA, hukumar Amurka mai nazarin teku da yanayi, sun gano cewa kaguwar na iya jure wannan ɗumin. Sai dai ɗumi na sa jikinta saurin ƙone abinci, ga ta kuma ta yi yawa a wuri guda a shekarun. Ciki ya buɗe, abinci bai ƙaru ba, yunwa ta gama da ita. Duk wanda ya ga garke a shekarar fari ya san irin wannan mutuwa, sai dai ta teku babu mushen da za a gani a bakin hanya.

A Oktoban 2022 hukumomin Alaska suka hana kamun wannan kaguwa, karo na farko a tarihi. Tsibirin St. Paul, ɗan ƙaramin gari da masana'antar sarrafa kaguwa ke riƙe da shi, ya shiga halin ni-'yasu. Sai a 2024 aka sake buɗe kamun, shi ma ɗan kaso kaɗan aka ba masunta.

Kuma ruwan nan da ake cewa ya yi zafi, da za ka tsoma hannu a ciki, sai yatsunka sun ƙage don sanyi.