Bakano, Bazazzagi da alhudahudan Riyad

Wani Bakano da wani Bazazzagi ne ke aiki a sito ɗaya a Riyad, kullum aka sallame azahar mudir, wato manaja, ya ba da awa ɗaya ta cin abinci sai Bazazzagi ya rataya kyamara ya sulale hadiƙar, wato lambun shaƙatawa, da ke bayan titinsu, abin ya ishi Bakano, shi dai ya rantse akwai kuɗi a wajen. Ranar nan cikin watan Maris ya ƙunso kabsarsa, dafa-dukar shinkafar Larabawa, a leda ya bi shi.

Bakano: To bawana, ga mu a hadiƙar, ina kasuwar take?

Bazazzagi: Kasuwar me? Dalla rage murya. Tsuntsu nake jira.

Bakano: Na yanka ko na kiwo?

Bazazzagi: Na kallo.

Bakano: La ilaha illallahu. Ka baro Zariya, ka sha wuyar biza, kafili, ubangidan da ya tsaya maka, na karɓa, kuɗin iƙama, takardar zama, na jiranka, duk don ka zo ka kalli tsuntsu? Babu kurciya a Tudun Wada ne?

Bazazzagi: Ai ga kurciyar can kan dabino, ita da ɗan baƙin kan nan mai farin kunci da suke ce wa bulbul. Su kullum suna nan har na gaji da su. Alhudahuda nake fako, yanzu ne lokacin wucewarsu arewa, kwana tara ina zuwa bai tsaya min ba.

Bakano: Wannan zungureriyar abar nawa ka saye ta?

Bazazzagi: A kasuwar gwanjo ta Haraj Bin Ƙasim na tsinto ta, ta hannu ce. Kuɗin kuma ba ruwanka.

Bakano: Wato ta yi tsada kenan. Kai in tsuntsu za ka bi ka bi na arziki mana, shaho! A Malham nan arewa da gari an sayar da guda ɗaya riyal miliyan 1.75 a 2021, ɗaya tal, ko tuwo ba ya tuƙawa. Naka alhudahudan nawa ne kilo?

Bazazzagi: Kilo! Malamin tsuntsaye ake sa wa kilo? Wanda sunansa ya zo a Suratun Namli aya ta 20, ya kawo wa Annabi Sulaimanu labarin Saba? Mu a Zariya har kwaleji muka sa wa sunansa.

Bakano: Mu a Kano da sai mu sa wa kanti.

(Nan fa gaskiya Bakano bai yi ƙarya ba.)

Bakano: Ba ni in leƙa. Kai, abin nan har da jawo nesa kusa! Ga wasu can sun baje darduma suna shan gahawa...

Bazazzagi: Sauke! Sauke ta nace! So kake a kwashe mu? Nan ka ɗauki hoton iyalin mutane ba izini dokarsu ta kai shekara ɗaya a gidan yari da tara har riyal 500,000, kai da ko kuɗin burodin tamis sai an yi ciniki da kai.

Bakano: Karɓi abarka, ni ban taɓa ba, ban ma san ka ba. To in zafi ya zo fa, a ranar nan za ka dinga tsugunno?

Bazazzagi: Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba ai ko lebura an hana shi aikin waje daga sha biyu zuwa uku, tsuntsayen ma baki buɗe suke laɓewa a inuwa. Lokacin sai Juma'a da asuba in tafi kwarin Wadi Hanifa wajen zalɓe da belbela.

Bakano: Belbela. A ƙasar da ake zuwa neman riyal. Allah ya shirye ka. Ni bari in ɗau hoton kabsar nan in tura wa Hajiya ta san ba yunwa nake ba.

Yana saita waya sai ga alhudahuda fir ya dira kan ciyawa bayan ledar, ya baza tukkun nan kamar mafici, ja-ja mai baƙin baki, ya soka dogon bakinsa a ƙasa sau biyu ya zaro tsutsa. Bazazzagi jiki na ɓari ya ɗaga kyamara ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Batir ya mutu, ashe leƙen da Bakano ya yi ne ya ƙarasa shi. Tsuntsu ya tashi abinsa.

Bazazzagi: Kwana tara... kwana tara fa!

Bakano: Kai dubi wani ɗan iskan tsuntsu mai hula ya shigo min hoton shinkafa ya ɓata. Bari in goge.

Bazazzagi: Kar ka goge! Don girman Allah mu gani. Wayyo, har tsutsar ta fito! Yaya, turo min ta WhatsApp.

Bakano: Yau kuma ni ne Yaya? Riyal hamsin.

Bazazzagi: Kai da ka ce ba shi da kilo?

Bakano: Ɗazu kenan, kasuwa ta tashi. In da kabsar a ciki kake so sittin.