Murar da ba ta kayar da kai ba tana iya kayar da na gida

'Yan'uwana matasan Sakkwato, maza da mata, assalamu alaikum. Da zarar Nuwamba ya kama, iska ta fara kwaso hazo daga hamada, leɓe ya fara tsagewa, kowa ya san lokacin mura ya zo. Daga nan har Fabrairu ba sahun asubar da ba a jin tari a cikinsa, ɗan kabu-kabu ya naɗe hanci da rawani, mai shayi ya ƙara citta da kanumfari. Mun saba har mun daina ƙirga mura cikin ciwo. Ku da jininku ke tafasa kuna da hujja, don kwana biyar ko mako guda kun miƙe. Sai dai ba ku kaɗai ke kwana a gidan ba. Akwai kaka mai hawan jini, akwai jaririn da ba a daɗe da yi wa suna ba, akwai ƙane mai sikila, akwai baba mai ciwon suga. Saboda su nake wannan magana.

Mura ƙwayar bairas ce ke kawo ta. Bairas ba ya iya hayayyafa shi kaɗai, sai ya shiga cikin ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe hanci da maƙogwaro, ya mayar da su wurin buga irinsa. Nau'in da ke jawo mura ya haura 200, shi ya sa wanda ya yi ta a Disamba yake iya sake yi a Janairu: wani baƙon ne daban ya shigo. Ruwan randa mai sanyi ba ya haifar da ita, ɗari ma ba ya haifar da ita. Abin da hunturu ke yi shi ne ya busar da cikin hanci, ya raunana majina da ƙananan gashin da aikinsu share ƙura da ƙwayoyin cuta, sannan ya sa mu rufe tagogi mu cunkushe ɗaki guda muna shaƙar numfashin juna. Atishawa da yoyon hanci da ɗan zazzaɓi duk alamun jiki ne yana faɗa. Ciwon yakan yi ƙarfi a kwana na biyu da na uku, ya lafa cikin kwana 7 zuwa 10, tarin kuma yana iya jan ƙafa har mako uku. Ko majina ta koma rawaya ko kore, wannan kaɗai ba ya nuna ana bukatar wani magani mai ƙarfi.

A nan ne muke yi wa kanmu ɓarna mafi girma. Ku tsaya bakin kowane kemis bayan magariba, a Mabera ne ko Runjin Sambo. Matashi zai zo yana jan hanci, ya ce a ba shi na mura. A ɗauko 'yar farar leda, a jefa farar ƙwaya biyu, rawaya ɗaya, sai kafso biyu masu launi biyu, a ƙulle, a ce ya sha yanzu ya sha da safe. Bai tambayi sunan ko ɗaya ba. Wannan kafson sau da yawa antibayotik ne, irin su amoksisilin, kuma antibayotik bakteriya yake kashewa, wata irin ƙwayar cuta daban da bairas. Yana fasa bangon da ke kewaye da ita ne, ko ya tsayar da aikin da ke cikinta, shi kuwa bairas ba shi da wannan bango. Shan kafso don mura tamkar ɗana tarkon ɓera ne don sauro. Bayan kwana uku mutum ya ji sauƙi ya ce kafso ya yi aiki, alhali jikinsa ne ya gama aikinsa da izinin Allah.

Da a ce asarar kuɗi ce kawai, da da sauƙi. Duk lokacin da aka sha antibayotik ba bisa ƙa'ida ba, bakteriyar da ke zaune cikin hanji da maƙogwaro tana samun horo: masu rauni su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Ranar da jariri ya kamu da nimoniya ta gaske, wato ciwon huhu, ko mai jego ta samu ciwo bayan haihuwa, sai a ba da maganin ya ƙi ci. Alexander Fleming, wanda ya gano antibayotik ɗin nan fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun 1945 lokacin da aka ba shi kyautar Nobel. Binciken da aka yi kan shekarar 2019 ya nuna mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Ban ɗora laifin duka kan mai kemis ba. Mu ne muke raina shi idan ya ce mu je mu huta mu sha ruwa, mu tsallaka shagon gaba inda za a ba mu kafso har da allura.

Abin da ke taimakon mai mura kaɗan ne kuma mai arha: hutu, ruwa da yawa, kunu ko romo mai ɗumi, kurkure maƙogwaro da ruwan gishiri, da farasitamol idan kai ko jiki na ciwo. Zuma tana sassauta tari, amma ba a ba wa yaron da bai cika shekara ɗaya ba. Ku kula da farasitamol, don babba ba ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma yawancin magungunan mura na haɗi suna ɗauke da shi a ciki. Wanda ya haɗa biyun bai sani ba yana cutar da hantarsa. Yaro mai mura ba a ba shi asfirin. Maganin tari mai kodin kuwa, gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi tun Mayun 2018, kuma kun fi ni sanin samarin da suka fara da sunan tari suka ƙare a wani hali. Idan zazzaɓi ya yi zafi, a yi gwajin maleriya kafin a sha maganinta, gwajin ba ya cin minti 20.

Akwai kuma mura mai tsanani, wadda likitoci ke kira infuluwenza. Ita ba ta sallama: da safe kana lafiya, da la'asar zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi sun kwantar da kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara. Wadda ta ɓarke a 1918 ta ci rayuka miliyoyi masu yawa a duniya, ta shigo ƙasar nan ta tashar jirgin ruwan Legas. Korona da aka tabbatar da ita a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 ita ma bairas ce ta numfashi, kuma kowa ya ga waɗanda ta fi ɗauka: dattawa da masu tsohon ciwo. Matasa da yawa sun yi ta sun warke ba su ma san ita ce ba, sun kai ta gida.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk gidan da ke da mai rauni yana bukatar shiri tun kafin ciwo ya zo, kuma ku ne masu karatu, ku ne masu waya, ku ake tasa da dare a ce a nemo abin hawa.

Ku fara da yara. Nimoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 700,000 a duniya a 2019, kuma ƙididdigar UNICEF ta 2018 ta sa Najeriya a gaba da yara 162,000. Sau da yawa da mura take farawa. Gane ta ba ya bukatar na'ura. Ka jira yaron ya natsu, ba yana kuka ko shan nono ba, ka ɗaga rigarsa, ka buɗe agogon wayarka, ka ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga a minti ɗaya cikakke. Jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa wata 11, 50 ne iyaka. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Sannan ka dubi ƙasan haƙarƙarinsa: idan yana lotsawa ciki lokacin da yake jan numfashi, ko ya ƙi kama nono, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko ya yi jijjiga, to wannan ba na jiƙo ba ne, ba na jiran gari ya waye ba ne. Jariri ɗan ƙasa da wata uku kuwa, zazzaɓi kaɗai ya isa a kai shi asibiti. Uwa mai mura ta ci gaba da shayarwa, ta wanke hannu ta rufe hanci, don nonon kariya ne gare shi. Ku duba katin rigakafi kuma: allurar nimoniya a mako 6 da 10 da 14, ta ƙyanda a wata 9 da wata 15, duk kyauta.

Mai sikila shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai. Ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu wannan ciwo kowace shekara a Najeriya, ba unguwar da babu su. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar musu da ciwo, hunturu kuma ya haɗa biyun, don ɗari yana hana mutum jin ƙishirwa. Saifarsu ba ta aiki kamar ta kowa, saboda haka ƙwayar cuta tana iya mamaye jininsu cikin sa'o'i. Idan ma'aunin zafi ya nuna 38, ko ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko numfashi ya yi sauri, ko idonsa da tafin hannunsa sun yi fari fat, asibiti ne kai tsaye. Kada a ba shi farasitamol a ce a ga abin da gobe za ta yi. Shi ne irin wanda likita zai ba antibayotik da gaggawa, kuma shi ne zai fi shan wahala idan mun riga mun lalata ƙarfin maganin da shan banza.

Mai asma ya shiga hunturu da inhelarsa, wato maganin shaƙarsa, cike, a aljihu, ba cikin akwati ba. Maganar da ake yaɗawa cewa wanda ya fara shaƙa ba ya iya dainawa ba gaskiya ba ce, kuma ta sa iyaye da yawa sun hana 'ya'yansu abin da zai buɗe musu ƙirji. Wanda aka rubuta wa ta kullum kada ya ajiye ta don ya ji sauƙi. Asfirin da ibufurofen suna tayar wa wasunsu da ciwo. Idan ya kasa gama magana ɗaya ba tare da ya tsaya jan numfashi ba, an wuce zaman gida.

Mai ciwon suga, ciwo yana ɗaga masa suga ko da bai ci abinci ba, don haka kada ya daina allurar insulin da kansa, ya yawaita gwaji, ya yawaita ruwa, idan amai ya hana shi riƙe komai a tafi da shi. Mai hawan jini ya nisanci magungunan buɗe hanci na haɗi, suna ƙara hawan jini. Mai ciki kada ta sha komai sai da sanin ma'aikatan awo. Tsoho kuma ba lallai ya yi zazzaɓi ba, wani lokaci ruɗewa ce kawai ko yawan barci.

Shirin kansa ba wuya. Ranar da za a koma ganin likita, a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne, ko Asibitin Ƙwararru, ko ƙaramin asibitin unguwa, ka raka majinyacin ka yi tambaya ɗaya: idan mura ta kama shi, me za mu yi, wane magani za a ci gaba da shi, yaushe za mu dawo? Ka rubuta amsar. Ka ɗauki hoton kwalayen magungunansa da katin asibitinsa a waya. A sayi ma'aunin zafin jiki, a tabbatar maganin wata bai yanke ba, a ware ɗan kuɗin da ba a taɓawa, a san mai Keke Napep ko maƙwabci mai mota da zai amsa waya ƙarfe biyun dare. Kada wani ya ce wannan rashin tawakkali ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta littattafai kan magani a ƙasar nan, kuma lokacin da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abin da ya nema har da a turo masa likita.

Saura kada mu zama masu kai ciwon. Bairas yana tafiya cikin feshin tari da atishawa, yana kuma bin hannu zuwa hanci da ido. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan zai yi atishawa yakan rufe fuskarsa da hannu ko da tufafinsa. Idan kana mura, ka sa takunkumi kafin ka shiga ɗakin kaka, ka gaishe ta daga ɗan nesa, ka gaya mata dalili, za ta sa maka albarka. 'Yan mata, barka da suna ba sa ɓaci don kin ƙi karɓar jariri kina tari. A majalisa a daina zagaya moɗa ɗaya. A wanke hannu da sabulu, ruwan buta kaɗai bai isa ba. Da hantsi a buɗe tagogi iska ta ratsa, kuma kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe ko janareta a bakin taga, don iskar da suke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci.

Ba kuma duk abin da ya fara kamar mura ne mura ba. Tarin da ya kai mako biyu, musamman da rama da gumin dare ko jini a majina, a je gwajin tarin tibi, gwajin da maganin duka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Yaro mai mura da jan ido wanda ƙuraje suka fara fito masa daga bayan kunne, ƙyanda ce ake zargi, a raba shi da sauran yara a kai shi. Idan hunturu ya juya zuwa bazara kuma, Sakkwato tana cikin yankin sanƙarau, mun ga ɓarkewar 2017 da ta taɓa mu da Zamfara da Katsina da Kebbi. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya, ko ga babba ko ga yaro, ba a kwana da shi a gida.