Kabireta ce, in ji Kawu

Land Rover ɗin nan tawa ta soja, Lightweight mai injin fetur na lita 2.25, ta tsiro da sabon hali. A silo lafiya lau take, amma da an hau hanya an ɗan yi nisa sai ta fara shaƙewa, a taka totur ta yi tari ta mutu. In ta huta kuma sai ta tashi kamar ba ita ba. Ban gama ɗaga bonet ba Kawu ya iso, ya goya hannu a baya. "Kabireta ce." Haka yake. Ranar da taya ta yi faci ma sai da ya leƙa kabireta.

Ita wannan mota tankinta biyu ne, kowanne a ƙarƙashin kujera, kowanne na cin wajen lita 45, sai an ɗaga kujera ake zuba mai. Bututun kowane tanki yana zuwa wurin ɗan makunnin da ake murɗawa a zaɓi na dama ko na hagu. Daga nan sai famfon mai da ke jikin injin ta dama, wanda kamshaf (sanda mai tuddai da ke juyawa cikin injin) ke bugawa, sannan kabiretar Zenith. Mai hankali daga famfo yake farawa, don yana da ƙoƙon gilashi, komai a fili yake. Nawa rabi mai ne rabi iska, kumfa na ta tasowa. Na zare gejin baƙin mai na sansana, babu warin fetur, ke nan robar cikin famfo ba ta yage ba. Na cire bututu daga bakin kabireta, na danna ɗan hannun famfon na ƙasa. In ka ji hannun sakwaf, kada ka yanke wa famfo hukunci, kamshaf ne ya tsaya a kan tudunsa, juya injin kaɗan ka sake. Na sake, man ya fito tsit-tsit da kumfa. Sai na ba famfon mai kai tsaye daga jarka da guntun tiyo. Injin ya tashi ya zauna daram, a taka ya amsa. Famfo da kabireta sun fita daga zargi, matsala tana baya.

Na ce, "Kawu, kun gani?" Ya ce, "Yaro, ai kabireta ta iya yaudara."

Saura a gane ko ragar da ke bakin bututun cikin tanki ce tsatsa ta toshe. Dabarar ita ce a hura iska ta bututun zuwa baya, a saurari ɓulɓul a cikin tanki. Famfon taya na ƙafa ya kamata a sa, a kuma buɗe murfin tanki tukuna. Famfon tayata yana hannun wanda ya ara. Sai na kafa baki. Na hura, na ji ɓulɓul, daɗi ya kama ni, na cika kumatu na ƙara, na ƙara, har idanuna suka firfito. Na zare baki zan yi wa Kawu albishir, kalmar farko ba ta gama fita ba tankin ya dawo mini da bashina. Duk iskar da na tura ba ta sami mafita ba, sai ta turo fetur ta bututun da ke saitin fuskata. Hanci, gemu, wuyan riga, har cikin hula. Na miƙe a firgice, ƙeyata ta daki bonet, na sunkuya, bututun bai gama ba, ya ƙara mini a kunne. Ina tofi ina lalube ina kiran ruwa, yaran da suka taru ɗaya har ya zauna a ƙasa don dariya. Shi kuwa Kawu ko gezau. Da aka gama kwara mini ruwa a ido, abin da ya fara cewa shi ne kada kowa ya kunna ashana kusa da ni. Gaskiya ya faɗa, amma da wata murya ya faɗe ta.

Wankan nan shi ya tona asirin. Murfin tankin yana da ƴar hudar numfashi, kuma a liƙe take da koren fenti. Famfo na jan mai, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har jan ya fi ƙarfin famfon da duka-duka wajen psi 2 (ma'aunin ƙarfin turi) yake bayarwa. A nan sai ya koma zuƙar iska ta makunnin zaɓen tanki, wanda gaskit ɗinsa na ɓawon toshe kwalba ya bushe ya tsattsage. Kumfar ke nan. Alamar ba wuya: da ta mutu a buɗe murfi, in an ji shuuu, an gama bincike. Na huda fentin da siririyar waya, na canza gaskit ɗin makunni da na ƙoƙon gilashi, na ɗaure ƙoƙon da hannu kawai, don sifana fasa shi take yi.

Wa ya yi fentin? Wanda ya zo da gwangwani da burushi bara, ya ce motar soja ba ta kyau da tsatsa, ya shafe har kan noti. Da na tuna masa sai ya ce shi saman murfi ya shafa, huda ba ruwansa. Jiya ya aiko a tambaye ni ko na wanke kabiretar.